Idon Murja a Alƙahira

Da hantsi jirginmu ya sauka Alƙahira. Ina riƙe da jakar takardu, Murja tana riƙe da hannun rigata, domin tun daga Kano ta daina yarda da ƙafarta a wurin da ba ta sani ba. Fitilun filin jirgin sun yi mata yawa. Ta ce kowace fitila tana ganinta da jela, mutum ɗaya kuma yakan zame mata uku. Shekarunta goma sha huɗu a lokacin, ita ce 'yata ta fari.

Sunana Haliru. Malamin lissafi ne ni a wata sakandare a Kalgo, amma asalina Masama a ƙasar Gwandu, can mahaifiyata take har yau. Kafin wannan tafiya iyakata Kaduna, Kadunar ma idon Murja ne ya kai ni. Tabarau uku muka canza mata cikin shekara guda, kowanne ya yi wata biyu ko uku ya daina aiki. A Kaduna wani likita ya ɗauki hoton idon da na'ura, ta fito da wata taswira mai ja da ɗorawa da kore. Ya ce akwai wata fata garau kamar gilashi da ta rufe baƙin ido, ta nan haske ke shiga. Ta mai lafiya a lanƙwashe take sumul kamar bayan ƙwarya. Ta Murja kuwa tana ta sirancewa, tana yin tsini kamar malfa. Sunan ciwon keratokonas. Ya ce a jikin matasa gudu yake yi, balle mai yawan murza ido saboda ƙaiƙayi. Murja kuwa tun tana firamare take murzar ido har su yi jajur.

"Akwai aikin da ke tsayar da shi, kuroslinkin ake ce masa," in ji likitan. "Inda na san ana yi a ƙasar nan na'urarsu ta tsaya, ba ranar gyara. Yarinyar nan ba ta da lokacin jira."

Ya rubuta mini sunan aikin a takarda. A ƙasa ya ƙara wani gargaɗi, ya ja masa layi biyu: kada in yarda a yi mata aikin lesa na jefar da tabarau. Ya ce wannan kankare fatar ake yi, tata kuwa ta riga ta yi siriri. In aka kankare, an gama da idon.

Na sayar da albasar da na adana da wani fili da nake da shi a bayan gari, 'yan uwa suka kawo abin da ya sawwaƙa. Matata Mariya tana da tsohon ciki, ba halin tafiya. Haka muka fito mu biyu.

Wanda ya tarye mu a filin jirgi shi ne Ustaz Mudi. Wani abokin aikina ne ya ba ni lambarsa, ya ce ɗan ƙasarmu ne da ya je karatu Masar ya zauna, yana taimaka wa masu zuwa asibiti. Dogo ne, fari, da jallabiya mai guga da waya biyu a hannu. Ya rungume ni kamar mun tashi gida ɗaya.

"Malam, ka kwantar da hankalinka, ka zo gida. Kawo fasfo ɗinku in yi muku rajista, nan ba a wasa da takarda."

Na miƙa masa ba tare da na yi tunani sau biyu ba. Ya kai mu wani ɗaki a hawa na biyar a unguwar Hayyul Ashir, inda baƙaƙen fata suka yi yawa. Babu lif, matakalar kuma duhu ko da rana. Murja tana hawa tana ƙirga tsani da baki. Na leƙa ta taga, ban ga komai ba sai gine-gine masu launin ƙasa da shanya a kowace baranda, ga ƙarar hon ba tsayawa. Na zauna, na tashi, na sake buɗe jakar takardu na duba ko takardar likitan tana nan. Cikin wunin nan na duba ta ya fi sau goma.

Ina da ɗan Larabcina na zaure, wanda na karanta a gaban malaman Gwandu. Da na sauka sayen gurasa na yi wa mai shago magana da shi, sai ya fashe da dariya, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji mutumin da ke magana kamar mai huɗubar Juma'a. Amsar da ya ba ni kuwa ko kalma ɗaya ban kama ba. Na nuna da yatsa, na biya, na hau sama da kunya.

Kwana biyu bayan haka Ustaz Mudi ya zo da tasi. Ya kai mu wani asibitin kuɗi a bene mai santsin daɓe da sanyin na'ura, ga furanni a tukwane. Aka ba mu shayi. Wani mutum mai kwat ya karɓi taswirar Kaduna, ya kalle ta kamar mai duba rasit, ya ajiye. Ya haska idon Murja na ɗan lokaci, ya yi magana da Turanci.

"Ido biyun duka, minti goma. Gobe za ta jefar da tabarau."

Murja ta ji Turancin. Ta damƙe hannuna, fuskarta ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Baba, ka ji? Gobe yac ce!"

Ni ma zuciyata ta tafi. Likitan Kaduna bai taɓa yi mini alkawarin za ta gani garau ba, ga wani yana cewa gobe. Na fito da takardata na nuna wa Ustaz Mudi, na ce ya tambaya ko wannan aikin ne. Ko karantawa bai yi ba.

"Shi ne mana, Malam. Suna ne kawai ya bambanta. Likitocin gida me suka sani? Sa hannu a nan."

Takardar sa hannun da Larabci take. Na ɗauki biro, har na ɗora shi a kan layin. Sai idona ya faɗa kan wata kalma da aka rubuta da manyan baƙaƙe a sama. Ba ta cikin kalmomin da na sani, don haka na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar mai koyon karatu. Lezik. Na sake haɗawa. Lezik dai. Aikin lesar nan ne da aka ja mini layi biyu a kansa.

Na ajiye biro. Na tambayi mai kwat da Turanci ko kankare fatar idon za a yi. Ya ce kaɗan ne, ba komai. Na ce ya duba kaurin fatar a taswira. Ya ɗaga kafaɗa, ya kalli Ustaz Mudi, suka yi wata magana da sauri da Larabcinsu na titi. Na miƙe na ce wa Murja ta tashi.

A bakin titi Ustaz Mudi ya canza. Ya ce na kunyata shi a gaban mutanen da yake hulɗa da su shekara da shekaru, ya ce ƙauyanci ne ke damuna. Ya tare tasi ya shige shi kaɗai, ya bar mu tsaye a unguwar da ban san sunanta ba. Sai da motar ta ɓace na tuna fasfo ɗinmu suna hannunsa.

Yadda muka koma masauki labari ne mai tsawo. Mun shiga ƙananan bas uku, biyu sun kai mu inda ba mu nufa ba. Wani tsoho mai sayar da lemo ne ya bar tebur ɗinsa ya raka mu har inda ake hawan ta ukun, ya yi wa direba bayani, ya ƙi karɓar ko sisi. Duk tsawon hanyar Murja ta daina riƙe rigata, ta gwammace ta yi tuntuɓe.

Kwana uku ina kiran wayoyin Ustaz Mudi, ba ya ɗauka. Ba na iya zama. In sauka, in zagaya layin, in hau, in sake sauka. Mariya ta kira ta tambayi yadda ake ciki, na ce ana kan gwaje-gwaje. Gurasa da dafaffen wake sun gundure mu, Murja ta daina ci. A rana ta ukun, muna hawa matakala da la'asar, ta tsaya a hawa na biyu ta saki abin da ke cikinta.

"Mun zo banza ke nan? Anka ce za a gyara mani ido, kai kaƙ ƙiya. Kai kana gani, shi ya sa!"

Kafin in amsa, wata ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwa baƙa mai jiki, lulluɓe da irin mayafin matan Sudan, ta leƙo tana ƙare mana kallo. Ƙamshin turaren wuta ya biyo ta.

"Ku mutanen ina na?" ta ce. "Mi ya sami ɗiyar ga take kuka?"

Hausa ce, kuma irin tamu, irin wadda kakata take yi a Masama. Sunanta Hajja Sakina. A Sudan aka haife ta. Ta ce kakanta daga ƙasar Gwandu ya taso da ƙafa za shi Makka, shi da iyalinsa, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Ita ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Aure ne ya kawo ta Alƙahira, mijin ya rasu, ta zauna tana haɗa turare da yi wa amare lalle.

Ta ja Murja ciki, ta ce ni ma in shigo in zauna daga bakin ƙofa. Ta tuƙa wani abu da suke kira asida, tuwo ne sak, da miyar busasshiyar kuɓewa. Murja ta cinye kwano guda ta suɗe hannu. Ni kuwa na ba Hajja labarin tun daga Kaduna. Da na ambaci sunan Mudi sai ta yi tsaki.

"Wannan? Na san shi tun yana yawo da silifa. Kowane marar lafiya ya kai masu, da rabonai a ciki. Ɗana, gobe Juma'a. Ka sa rigarka mai kyau."

Washegari ta kai ni masallacin da 'yan ƙasarmu ke taruwa. Ba ta shiga ba. Ta sa aka ɗauko mata kujera daga wani shago, ta zauna daidai inda ake ajiye takalma. Da aka sallame mutane suka fara fitowa, sai ga Ustaz Mudi cikin jama'a. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, rabi Hausa rabi Larabci, tana tambayarsa ko fasfon marar lafiya ma ya zama abin jingina. Ta kira sunayen wasu mutum biyu da ya taɓa yi wa irin haka. Dattawan wurin suka tsaya. Kafin la'asar fasfo ɗinmu suna hannuna a cikin leda, ba wata rajista da aka yi.

Hajja Sakina ce ta samo mana hanya. Wata maƙwabciyarta tana shara a wani asibitin ido a tsakiyar gari, ita ta ce akwai likita mace da ke yin irin aikin da ke rubuce a takardata. Asibitin tsoho ne, bencinan katako, mutane maƙil, wasu daga ƙauyuka da rawunansu. Mun yi awa huɗu a layi. Likitar, Dakta Samiha, 'yar gajeruwa ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan murmushi. Ta sa aka sake ɗaukar taswirar idon, ta jera ta kusa da ta Kaduna, ta daɗe tana kallo. Ni malamin lissafi ne, ba sai an fassara mini ba. Wata biyu kacal tsakanin takardun, amma jan da ke tsakiya ya ƙara faɗi.

Ta yi magana da Turanci a hankali don in gane. Idon hagu, ta ce, mun makara. Fatar ta yi siririn da hasken aikin zai iya cutar da abin da ke bayanta, ga tabo ya fara fitowa. Wannan sai dashen sabuwar fata, wata rana. Idon dama kuwa akwai sauran kauri, za a iya yi. Za a ɗauke 'yar fatar sama, a yi ta ɗiga wani ruwan bitamin mai launin ɗorawa har ya jiƙa, sannan a haska wani haske na musamman. Ruwan da hasken su ke sa zaruruwan fatar su kama juna su yi ƙarfi, kamar a ƙara wa darni igiya.

"Za ta koma gani kamar da?" na tambaya.

"A'a. Ka ji ni da kyau, domin iyaye da yawa ba sa jin wannan. Ba na dawo da abin da ya tafi. Ina ƙoƙarin tsare abin da ya rage ne. Shi ma ba kullum yake tsayawa ba, sai an riƙa aunawa."

Ta ɗaga fatar idon Murja ta sama, ta ce ƙaiƙayin ya kumbura cikin, ba za ta taɓa idon ba sai ya lafa. Ta rubuta magungunan ɗigawa, ta ce mu dawo bayan kwana goma sha biyu. Ta kama hannayen Murja biyu ta ce daga yau an haramta musu zuwa kusa da ido. Sannan ta juyo da allon kwamfutarta wajena, ta ce in ga yadda 'yata take ganin rubutu. Lambobi ne a jere, amma kowace lamba da inuwa uku ko huɗu a jikinta, suna hawan juna. Takwas da uku ba su da bambanci.

A shekarar da ta wuce Murja tana ajina. Wata rana na duba littafinta na ga ta kwafi aikin allo duk ba daidai ba, inda na rubuta takwas ta rubuta uku. Na fito da ita gaban aji, na sa ta durƙusa, na zane mata tafin hannu da rula. Na ce 'yar malami ba za ta zama abin kwatancen lalaci ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mini ba ta gani ba. A ofishin likitar nan abin ya dawo mini gaba ɗaya, har ƙarar rular.

A bas Murja ta tambaye ni, "Baba, mi tac ce game da na hagu?" Na gaya mata gaskiya. Ta juya fuska wajen taga har muka sauka.

Kwana goma sha biyun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Hutun da na ɗauka a makaranta ya ƙare, na kira shugaban makaranta ina roƙo. Kowace safiya in ɗiga mata magani, sannan in rasa abin yi. Na san kowane lungu na unguwar da ƙafa. Ina tafiya ina tuna fadamar Kalgo, lokacin dashen shinkafa ne, ga ni nan ina kallon bango. In na dawo sai in tarar Murja tana wajen Hajja, an naɗe mata hannu da lalle. Dabara ce tsohuwar ta yi: mai lalle a hannu ba ta murza ido. In ƙaiƙayi ya taso sai ta ɗora mata tsumma mai sanyi, tana ba ta labarin Sudan, Murja kuma tana ba ta labarin Gwandu, garin da Hajja ta ji a bakin kakanta kawai. Har tambaya take ko da gaske albasa takan kai girman kan jariri.

Ana saura kwana biyar aikin, ƙanena Atiku ya kira da safe. Mariya ta sauka, namiji, amma ta zubar da jini, an kai ta Birnin Kebbi. Na wuni da waya a hannu, ina hawa ina sauka, har sai da azahar ya sake kira ya ce an yi mata ƙarin jini ta farfaɗo. Na yi wa jaririn addu'a ta waya, Atiku ya kara masa ita a kunne. A ranar na yi tunanin tattara kaya mu koma. Hajja ta dube ni ta ce, "Can akwai mutane. Nan kai kaɗai gare ta."

Ranar aiki aka sa wa Murja koriyar riga da hula. Ba a yi mata allurar barci ba, maganin kashe zafi kawai aka ɗiga. Aka bar ni in tsaya a bayan wata 'yar taga ta gilashi. Na ga an sa wani ƙarfe siriri ya buɗe idon don kada ta ƙifta. Na ga likitar ta sunkuya da wani ƙaramin abu, na kau da kai. Daga nan sai ɗigon ruwan ɗorawa, a ɗiga a jira, a ɗiga a jira, har ƙafafuna suka gaji. Da aka rage fitilun ɗakin aka kunna na'urar, sai idon 'yata ya kama haske kore shar, kamar ba na mutum ba. Leɓɓanta suna motsi. Daga baya ta ce mini surorin da ta haddace take bi daga ƙasa, ta kai har suratu Amma ta sake dawowa. An gama, aka manna mata wani gilashi mai laushi a kan idon a matsayin bandeji, ta fito da ƙafarta tana cewa ai ba zafi.

Zafin yana hanya. Kafin mu isa gida maganin ya sake ta. Ta ce kamar an zuba mata barkono da yashi. Hawaye suna zuba ba tsayawa, ko ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba ta iya jurewa. Hajja ta kawo barguna muka toshe tagogi, ɗakin ya koma duhu da rana tsaka.

Kwana biyu bayan aikin ita ce ranar suna. Da sassafe Atiku ya kira daga ƙofar gidana a Kalgo, ina jin hayaniyar mutane da muryar liman. Aka tambaye ni suna, na ce Usmanu, sunan mahaifina. Na ji an shafa fatiha, na ji kukan rago, sai layin ya yanke. Na zauna a ƙasa kusa da katifar Murja, na riƙe mata hannaye biyu don kada su kai ga idon. Tana nishi tana juyi. Can da zafin ya ɗan lafa na ce, "Murja."

"Na'am, Baba."

"Ranar da na buge ki a aji. Don mi ba ki ce mani ba ki gani ba?"



"Na ɗauka haka kowa ka gani," ta ce. "Na ɗauka su sun fi ni ƙoƙarin ganewa ne."

Ban taɓa ba wa 'ya'yana haƙuri ba, ban kuma taɓa jin mahaifina ya ba wa ɗansa ba. Amma a duhun ɗakin nan na ce mata na zalunce ta, ta yafe mini. Ta ce, "Haba Baba," ta fara wani kukan daban da na ciwo. Na ce ta bari kada ya ɓata aikin. Ta ce likita ta ce hawaye ba ya ɓatawa. Muka yi dariya mu biyu, ni ma fuskata a jiƙe.

A rana ta biyar Dakta Samiha ta cire bandejin, ta ce fatar sama ta rufe. Amma da aka nuna wa Murja allon gwaji sai ta firgita, domin ganin ya fi na da dushewa, kamar ana kallo ta cikin hayaƙi. Likitar ta ce haka yake yi, sai a hankali zai washe cikin makonni. Ta rubuta wa likitan Kaduna wasiƙa, ta ce bayan wasu watanni a auna mata gilashi mai tauri da ake mannawa a ido, shi zai gyara mata gani. Na fita daga asibitin ban san ko murna zan yi ba. Na sayar da fili, na bar matata a gadon asibiti, ga 'yata tana gani ƙasa da yadda na kawo ta.

Ranar da za mu taso Hajja Sakina ta sauko har bakin titi, abin da ƙafafunta ba sa so. Ta ba Murja kwalbar turare ta kai wa mai jego. Na rasa abin da zan ba ta, na ciro hulata ta zanna da ban taɓa sawa ba, na ce ta ba wani jikanta. Ta karɓa ta shinshina. Ta ce in na bi ta Gwandu in yi wa garin sallama da sunan kakanta, Ɗanbaba mai jaki, ko da ba wanda ya san shi. Na yi hakan daga baya, a tsaye a bakin kasuwa, mutane suna kallona.

Mun iso Kalgo da yamma. Gidan cike da mata, mahaifiyata Inna ma ta zo daga Masama. Mariya ta rame, amma tana zaune. Aka miƙa wa Murja jaririn, ta kawo shi dab da fuskarta, ta rufe idon hagu tana dubansa da na dama.

"To an warke?" in ji Inna.

Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Murja ce ta amsa.

"Ba a warke ba, Inna. An dai ɗaure shi kar shi ƙara gaba."

Inna ta ce duk wannan tafiya don a ɗaure ciwo kawai? Wasu matan suka kalli juna. Na san abin da aka yi ta faɗa a gari bayan haka, cewa Malam Haliru ya kai kuɗinsa Masar ya dawo da yarinya da tabaranta.

Hayaƙin ya washe a hankali. Bayan wata huɗu aka auna mata gilashin mai tauri a Kaduna. Ta sha wuya kafin ta iya sa shi da kanta, amma ranar da ya zauna ta tsaya a bakin titi tana karanta mini lambar kowace mota da ta wuce. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kowane wata sai in tsayar da ita a tsakar gida in rubuta lambobi a bango da gawayi. Mariya ta ce zan sa wa yarinya ciwon zuciya.

Da shekara ta zagayo muka koma Kaduna aka ɗauki sabuwar taswira. Likitan ya jera ta da ta Masar, ya bi lambobin idon dama da biro ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya ce, "Malam, babu abin da ya motsa." Na karɓi takardun na bi su da kaina sau biyu. Na fita waje na zauna a kan dakali.

A motar dawowa, tun kafin mu kai Jega na fito da biro na fara rubutu a bayan ambulan: inda ake dashen fatar ido, wa zan tambaya, wace gona za a iya saki. Murja ta leƙo ta karanta. Ta zare biron daga hannuna ta sa a jakarta.

"Baba, na hagun ba inda za shi. Likita ya ce yana iya jira. Bari in gama jarrabawata tukuna, ido guda ya ishe ni."

"In kuma ya ƙara lalacewa fa?"

"In lokacin ya yi ni zan gaya maka. Yanzu na san yadda ake faɗi."

Na bar mata biron. Muka shigo Kalgo ana kiran la'asar, ita ce ta fara hango Atiku a tasha yana jiranmu da babur.